KADA BAƘO YA KORI MAI GIDA

'Yan'uwa manoma, kiwo ya ƙaru ƙwarai a gidajenmu na Kudenda da Nasarawa da Tirkaniya. Tun da manyan masaƙun Kakuri suka rufe, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles kuma a 2007, mutane da yawa da suka saba jiran albashi sun koma ga fartanya da akurki. Mai 'yar gona a bakin kogin Kaduna yana shuka masara da damina, ya yi lambu da rani. Matarsa tana kiwon kaji a bayan ɗaki, yara suna da zomaye, an kuma kawo kwikwiyo domin ɓarayi. Wannan duka abin murna ne, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa sun taimaka a ciki.

Amma akwai wata ma'aikaciya guda a gidan wadda ba a tuna da ita a ranar da sababbin dabbobi suka iso, watau kyanwa. Ita ce ta riga kowa zama. Ita ce take kwana a bakin sito tana tsaron buhunan masara. Ran da aka kawo kwalin 'yan tsaki, sai ta zama abar zargi. Ran da aka kawo kare, sai ta rasa wurin kwana. Kafin wata ya ƙare, ko dai an kore ta da sanda, ko an sa ta a buhu an kai ta ƙetaren titi, ko kuwa ita da kanta ta gaji ta bar gidan. Bayan wata biyu sai mai gida ya fara kuka da ɓeraye.

Ra'ayina shi ne, korar kyanwa saboda sababbin dabbobi hasara ce, ba dabara ba. Laifin ba na kyanwa ba ne, na yadda muke shigo da baƙin ne. Kadan mutum ya ba da haƙurin mako biyu ko uku, ya kuma sayi 'yar ragar waya, zai ci amfanin kajinsa da karensa da kyanwarsa gaba ɗaya.

ME KYANWA TAKE YI MANA?

Zaman mutum da kyanwa ba na jiya ba ne, noma ne kuwa ya haɗa su. Sa'ad da mutane suka fara tara hatsi a rumbu, ɓeraye suka biyo hatsin, kyanwar daji ta biyo ɓerayen. A tsibirin Kubrus masu tonon kayan tarihi sun sami kabarin mutum da kyanwa a gefensa, wanda ya kai shekara 9,500. Mutanen Masar na dā sun girmama ta domin tana tsare musu rumbunan alkama. Ashe tun asali aikinta ke nan, ba wai ado ba.

A unguwa irin tamu aikin ya fi yawa. Muna zaune kusa da kogi, ga magudanan ruwa, ga juji, ga gidajen haya a cunkushe. Ga kuma dusa da abincin kaji da muke ajiyewa buhu-buhu. Duk wanda ya fara kiwon kaji ya shirya wa ɓera liyafa ke nan ko bai sani ba. Ɓera yakan ci abincin kaji da dare, ya fasa ƙwai, ya kashe ƙananan tsaki, ya huda buhu, abin da bai ci ba kuma ya ɓata shi da fitsari da kashi. Macen ɓera takan haihu bayan kamar kwana 21 zuwa 23 da ɗaukar ciki, ba ta kuwa daɗewa sai ta sake ɗauka. Saboda haka lokacin da ka kawo kaji shi ne lokacin da ka fi bukatar kyanwa, amma shi ne lokacin da yawancinmu muke korar ta.

Ba hatsi kaɗai ke cikin hatsari ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da shi. Mutum yakan kamu ta wurin abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa. Ciwon ya fi yawa da rani, daidai lokacin da amfanin gona yake cikin ɗaki. Ba labarin nesa ba ne, gama a Fabrairu 2024 ya kashe ma'aikatan lafiya a asibitin soja na 44 a nan Kaduna. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar domin kiyaye gida daga wannan ciwo akwai adana abinci a mazubin da ɓera ba zai iya shiga ba, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtar gida, da kuma kiwon kyanwa.

Kada dai mu ɗora wa kyanwa abin da ya fi ƙarfinta. A 1953 wani masanin dabbobi na Jami'ar Oxford a Ingila, Charles Elton, ya buga abin da aka gano a gonakin ƙasarsu. Kyanwa ba ta iya share gonar da ɓeraye suka riga suka cika. Amma kadan an fara kawar da su ta wata hanya, kyanwoyin da ake ba su ɗan abinci sukan hana sababbi shigowa, su tsare gine-ginen da kewayensu har kamar yadi 50. Darasin a fili yake. Kyanwa mai gadi ce, ba mai yaƙi ba. Gidan da yake da ita tun da daɗewa ya riga ya sami abin da wasu suke nema. In ka kore ta wata biyu ɓeraye suka kafa gari, ko ka kawo wata sabuwa ba za ta iya maido maka da gidan yadda yake ba.

ABIN DA YAKE DAMUN TA

Domin mu san yadda za mu taimake ta, sai mu fahimci halinta. Kare yakan manne wa mutum, amma kyanwa wuri take manne wa. Ta san kowane lungu na gidan, ta san hanyar da take bi, da inda take shan rana, da inda take ɓuya. Kun ga yadda take goga kumatunta a bakin ƙofa, a ƙafar kujera, har a ƙafarku? Ba wasa take yi ba. Wani ƙamshi take shafawa wanda hancinmu ba ya ji, da shi take sa wa gidan alama cewa nata ne, lafiya kuma take a cikinsa.

To, ran nan sai ga wata dabba da baƙon wari, tana haushi, tana cin abinci a kwanonta, tana kwance a kan buhun da ta saba kwana. Yara kuma da suke wasa da ita duk sun koma wajen kwikwiyo. Ku tuna yadda ɗan fari yakan yi sa'ad da aka haifa masa ƙane, ya daina cin abinci, ya koma yin fitsarin kwance. Uwa mai hankali ba ta dukansa, jawo shi take yi a jiki. Haka kyanwa take. Za ku ga tana ɓuya, ta ƙi abinci, ta yi fitsari a kan buhu ko a jikin bango inda ba ta saba ba, ta yi ta lasar jikinta har gashi ya zube, ko ta fara kwana a waje. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Fitsarin nan ma ƙoƙari take yi ta maido da warinta a gidan. In aka doke ta, tsoron ya ninka, sai ta haɗa zafin dukan da baƙon, ta ƙara ƙinsa.

Abu guda ku lura da shi. Kyanwar da ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci kome ba tana cikin hatsari, gama hantarta takan lalace. Kada a ce za ta ci in yunwa ta ishe ta. A kai mata abinci inda take ɓuya, in kuwa ta ƙi har yanzu, a nemi malamin dabbobi.

IN KARE NE BAƘON

Kare shi ne ya fi korar kyanwa daga gida, shi ne kuwa ya fi sauƙin gyarawa in an fara da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da bai wuce wata uku ba yakan karɓi duk abin da ya tarar a gida kamar danginsa ne. Babban karen da ya saba bin kyanwa da gudu, ko na farauta, wuyar sha'ani gare shi. Saboda haka mai kyanwa ya nemi kwikwiyo, kada ya karɓi babban kare. Ga yadda za a bi:

1. Kafin a kawo shi, a shirya masa wurinsa dabam, nesa da sito da inda kyanwa take ci da kwana. Baƙo ne ake tsarewa, ba mai gida ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kulle kyanwa a saki kare.

2. Kwana uku ko huɗu na fari kada su ga juna. A ɗauki tsumma a goga a jikin kwikwiyo, a ajiye kusa da inda kyanwa take wucewa. A goga wani a kumatun kyanwa a kai wa kwikwiyo. Kada a tura mata tsumman a hanci, a bar ta ta sansana da kanta. Ran da ta sansana ta wuce ba tare da ta tayar da gashi ba, an ci gaba.

3. Sa'an nan a bar su su ga juna daga nesa, kare yana ɗaure. A ba kowa abincinsa a lokaci guda, taku goma ko fiye a tsakaninsu. Kowace rana a rage tazarar kaɗan. Nufin shi ne kyanwa ta riƙa haɗa ganin kare da samun abin daɗi.

4. Kada a ɗauki kyanwa a hannu a kai ta gaban kare wai su gaisa. Za ta yakushi mai riƙe da ita, ta kuma yi wa kwikwiyo lahani a ido. Ita za ta matso a ranar da ta ga dama.

5. In kare ya zabura zai bi ta, a tsawata masa nan take, in ya kwanta shiru a yaba masa. Gudun kyanwa ne yake tayar masa da sha'awar bi. In ya ɗanɗana bin sau biyu ko uku, ya zama wasa, da wuya ya bari. A gargaɗi yara kada su riƙa cuna mata shi domin dariya.

6. A yi mata wurin hawa. Katako guda da aka kafa a bangon sito sama da inda kare zai kai, ko kan tulin itace, ko 'yar kafa a ƙasan ƙofar sito wadda ita za ta wuce kare ba zai wuce ba. Kyanwar da ta san tana da mafaka ba ta barin gida. A can sama za a riƙa ajiye mata abinci da ruwa, gama kare ba ya barin kome a kwano.

Waɗansu sukan saba cikin mako biyu, waɗansu sai wata biyu. Ba lalle su zama abokai ba. In kowa yana wucewa ta gaban ɗan'uwansa ba faɗa, buƙata ta biya. Sannu ba ta hana zuwa.

IN 'YAN TSAKI NE

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Ba wani horo da zai sa kyanwa ta daina ganin ɗan tsako kamar nama. Ƙarami ne, yana motsi, yana kuka, duk abin da yake tayar mata da farauta yana jikinsa. Wanda ya bar kwalin tsaki a buɗe a tsakar ɗaki ya tafi kasuwa, ya ba kura ajiyar nama, kada ya zo yana zagin kura.

Maganin ba horo ba ne, waya ce. A yi wa tsaki keji mai murfi, da raga mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, wadda hannun kyanwa ba zai shiga ba. Ragar kaji mai manyan idanu ba ta isa ba, gama kyanwa takan zura hannu ta jawo tsako. A rufe sama da ƙasa da kowane gefe, a sa sakata a murfin. Wanda yake ganin kuɗin waya ya yi yawa, ya tuna cewa ba kyanwarsa kaɗai ke son tsakin ba. Akwai muzurun maƙwabta, da ɓera, da gafiya, da shaho, da maciji. In ka kori kyanwarka ka bar kejin a buɗe, ka rage ɓarawo guda ka bar biyar, ka kuma kori wadda take hana biyu daga cikinsu zuwa. Mukan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma mai tsaki hamsin da ya ci bashin ƙungiya ba zakara guda yake so ya yi cara ba.

Sau da yawa ma ana ɗora wa kyanwa laifin da ba nata ba. Kyanwa takan ɗauke tsako ɗungum ta tafi da shi. In ka tarar da tsaki a mace cikin keji an ci wani sashe na jikinsu, ko an ja su zuwa bakin rami, ka nemi ɓera.

Tsaki suna bukatar ɗumi da tsaro kamar mako huɗu na fari ko da babu kyanwa. In sun kai mako shida zuwa takwas, gashi ya rufe su, sun yi girma, yawancin kyanwoyi ba sa kula su. Ranar da za a fara sakinsu, a ciyar da kyanwa tukuna, a tsaya a wurin ana kallo. Babbar kaza kuwa ta fi ƙarfin kyanwa. Kazar da take jan 'ya'ya ma ita ce take koya wa kyanwa hankali da saran baki guda.

Wani gargaɗi kuma. An tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Fabrairu 2006 a wata gonar kaji kusa da Jaji a jiharmu, ta kuma sha komowa tun daga lokacin. Kyanwa tana kamuwa da ita in ta ci tsuntsun da ciwon ya kashe. Kada a jefa wa kyanwa ko kare mushen kaza. A haƙa rami mai zurfi a binne, in kuwa kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

ZOMAYE, TANTABARU DA AWAKI

Babban zomo ba ya cika damuwa da kyanwa, amma jariransa nama ne a gare ta. Ban da haka, zomanyar da aka firgita takan tattake 'ya'yanta ko ta ƙi shayar da su. A ɗaga keji a kan ƙafafu, a yi masa rufin kwano domin kada kyanwa ta kwanta a sama tana leƙo su, a kuma sa akwatin haihuwa mai duhu a ciki.

Gidan tantabaru a kafa shi a kan dogon sanda, nesa da katanga da bishiya, a naɗe sandan da guntun kwanon rufi mai santsi domin farata su kasa kamawa.

Awaki da tumaki da aladu ba su da rigima da kyanwa. Abin kiyayewa guda ne, kada ta yi kashi a cikin dusa ko harawa. Akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa, musamman ƙanana, wadda takan sa akuya ko tunkiya ta yi ɓari. A rufe abincin dabbobi, a zuba wa kyanwa yashi a wani lungu inda za ta riƙa zagawa. Saboda wannan ƙwayar ce kuma bai kamata mace mai ciki ta kwashe kashin kyanwa ba. Wani ya yi mata, ya wanke hannu da sabulu.

IN WATA KYANWA CE

Abin mamaki, kyanwa ta fi ƙin 'yar'uwarta kyanwa fiye da kare, gama abu guda suke so. Muzuru biyu manya a gida guda, faɗa ne ba ranar ƙarewa. In ana so a ƙara, a kawo ƙarama wadda ta kai mako takwas, an yaye ta. A tsare ta a ɗaki dabam mako biyu, domin a ga ko tana da mura ko zawo ko ƙuma kafin ta haɗu da ta gida. A bi hanyar tsumman nan da ciyarwa daga nesa. Kowace da kwanonta, da wurin kwananta. Huci da gurnani a kwanakin fari ba kome ba ne, magana suke yi. In sun kama kokawa, kada a sa hannu, a buga kwano ko a watsa ɗan ruwa, a raba su, a koma baya mataki guda.

MASU CEWA A'A

Wani zai ce, me ya sa zan sha wannan wahala, ga shinkafar ɓera a kasuwa da araha? Guba tana da ranarta, amma ku duba gidan da muke magana a kai. Ga kaji suna tsattsage ko'ina, ga kwikwiyo mai cin duk abin da ya gani, ga yara masu rarrafe. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, kyanwa ko kare ya kama shi ya ci, gubar ta wuce gare su. Wanda ya mutu a cikin silin kuma wari ya hana kowa barci. In ɓeraye sun riga sun yi yawa, a fara da tarko da toshe ramuka da siminti, sa'an nan kyanwa ta riƙe gadi.

Wani kuma zai ce, kada a ba kyanwa abinci, in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan magana ta kori kyanwoyi da yawa. Farauta a jininta take, ko ta ƙoshi za ta yi. Mai jin yunwa ita ce take satar kifi a tukunya, ita ce take zagaya kejin tsaki, ita ce kuma take komawa gidan da ake ba ta. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, gama mai cin nama ce. Kan kifi, da 'yan guntayen nama da kayan ciki dafaffu, da ruwa mai tsabta kullum, sun isa. Madara da yawa takan sa ta zawo. A ranakun da baƙo ya zo ma a ƙara mata, kada a rage.

Akwai kuma masu tsoron kyanwa, suna cewa dabbar mayu ce, domin idonta yana haske da dare, tana tafiya ba motsi, tana kuka kamar jariri. Idon nan yana maido da hasken da ya shiga cikinsa ne domin ta gani a duhu, haka na kare da na akuya suke yi in an haska su da tocila. Kukan daren kuwa na neman muzuru ne. Abubuwan da ake tsoro su ne kayan aikinta. Ba daidai ba ne tsoro ya sa a jefi dabbar da take tsare mana abinci.

Masu cewa tana kawo cuta suna da 'yar gaskiya, amma maganin yana hannunmu. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma, in kuwa alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba ya warkewa. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafi in ya kai wata uku, a maimaita kowace shekara, a tambayi likitan dabbobi allurar da ta dace da kyanwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, tana yin alluran rigakafin dabbobi, ranar 28 ga Satumba kuma ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Wanda kare ko kyanwa ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ɓeran da kyanwa ta kawo, kada a taɓa shi da hannu, a kwashe da shebur a binne.

Ku kiyaye kuma da magani. Kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Maganin kaska da ƙuma da aka yi domin kare ko shanu, da yawansu guba ne gare ta. In an wanke kare da irinsu, kada a bar su su haɗa jiki sai ya bushe sarai.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Wannan ba aikin mutum guda ba ne, gama ɓera bai san katanga ba. Ina ba shugabannin ƙungiyoyinmu shawara huɗu.

Ta fari, kafin a ba ɗan ƙungiya rancen tsaki ko zomaye, wani daga cikin kwamiti ya je ya ga kejin da idonsa. Ba keji mai raga, ba tsaki. Wannan zai tsare kuɗin ƙungiya, ya kuma tsare zaman lafiya da maƙwabta, gama rigimar "muzurunka ya cinye mini kaji" ta ɓata zumunci a gidajen haya da yawa.

Ta biyu, a sayi ragar waya naɗi guda da kuɗin ƙungiya a yanka wa kowa, ya fi araha bisa ga kowa ya sayi yadi biyu shi kaɗai.

Ta uku, a sa rana guda a shekara a gayyato malamin dabbobi, kowa ya kawo karensa da kyanwarsa a yi musu allura. A tambaye shi kuma zancen fiɗiye muzuru da yi wa mace aikin hana haihuwa. Kyanwa takan fara ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, ta haihu bayan kamar kwana 63, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawo da faɗa da fitsari a bango, farautarsa kuwa tana nan.

Ta huɗu, 'ya'yan kyanwa da aka haifa kada a zubar da su a juji. A sanar a taron ƙungiya, mai sito ko mai kaji ya karɓa. Waɗanda suka tashi a gidan da ake taɓa su da hannu tun suna mako biyu zuwa bakwai, suna ganin kaji da kare, su ne suke zama masu sauƙin hali.

'Yan'uwa, mun sha wahalar huɗa da noma da girbi kafin masara ta shiga buhu. Kada mu bar ɓera ya ci rabon 'ya'yanmu saboda gaggawar mako biyu. Wanda zai kawo sabuwar dabba a wannan wata, ya shirya mata wurinta tukuna, ya kafa wa kyanwa katakonta, ya cika mata kwanonta. Ku kai wannan magana taronku na gaba ku tattauna, masu dabarar da ta fi wannan kuma su faɗa wa 'yan'uwa. Allah ya sa albarka a rumbunanmu da garkunanmu.